Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari: Tarihin Fim Ɗin Salem's Lot



A daren 17 ga watan Nuwamba na shekarar 1979, gidan talabijin na CBS da ke Amurka ya nuna kashin farko na wani fim mai suna Salem's Lot, bayan mako guda kuma, wato ranar 24 ga wata, ya cika kashi na biyu. Fim ne na ban tsoro, mai tsawon kusan awa uku. Yau sama da shekara arba'in ke nan, amma idan masana harkar fim suka zauna lissafin finafinan tsoro da aka shirya musamman domin talabijin, da wuya su tashi ba su ambace shi ba.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Bahaushen Sabo ko Agege ko Ama Hausa da fim ɗin fatalwar Turawa? Dalili shi ne, idan aka cire hayaƙi da haƙora da akwatin gawa, abin da ya rage a fim ɗin nan labarin baƙi ne: baƙi biyu sun shigo ƙaramin gari a lokaci guda, ɗaya da sharri, ɗaya da alheri, mutanen gari kuma suka kasa rarrabewa. Wanda duk yake zaune a garin da ba nan aka binne cibiyarsa ba, ya san nauyin wannan magana.

Asalin Labarin

Labarin daga littafi aka ɗauko shi. Mawallafinsa shi ne Stephen King, wanda aka haifa a 1947 a jihar Maine da ke can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka. A farkon shekarun 1970 malamin makarantar sakandare ne, kuma cikin littattafan da yake karantar da ɗalibansa akwai Dracula, wanda Bram Stoker ya wallafa a 1897. Dracula shi ne uban labaran abin da Turawa ke kira bamfaya, wato mamacin da ke tasowa da dare ya tsotse jinin masu rai, wanda ya tsotsa kuma shi ma ya mutu ya taso ya zama irinsa. Sai tambaya ta zo wa King: da a ce wannan mashayin jini zai dawo a zamanin mota da lantarki, ya sauka a wani ɗan ƙauyen Amurka da babu wanda ya damu da shi, me zai faru?

Amsar tambayar ita ce littafin da kamfanin Doubleday ya buga a 1975, wanda shi ne littafinsa na biyu bayan Carrie da ya fito a 1974. Sunan garin labarin Jerusalem's Lot, mutanensa suka taƙaita shi zuwa Salem's Lot. Garin ƙirƙira ne, babu shi a taswira. Wanda ya karanta littafin zai ga cewa marubucin ya ɓata shafuka masu yawa ba a kan dodo ba, a kan mutanen garin: mashayi, mai dukan iyali, mai cin amanar aure, mai leƙen asirin maƙwabta, dillalin da zai sayar da komai idan farashi ya yi. Kafin mashayin jini ya iso, garin ya riga ya ruɓe daga ciki. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga Littafi Zuwa Akwatin Talabijin

Kamfanin Warner Bros. ne ya sayi izinin mayar da littafin fim, da niyyar a yi shi domin silima. Nan aka yi ta fama. Littafin yana da kauri, mutanen cikinsa suna da yawa, marubuta irin su Stirling Silliphant da Larry Cohen suka gwada matse shi cikin awa biyu, abin bai gamsar ba. An ma yi maganar ba George Romero aikin darakta. Ana cikin haka sai ga shekarar 1979 ta zo da finafinan masha jini rututu a silima, ciki har da sabon Dracula wanda Frank Langella ya fito a ciki, da Nosferatu na Bajamushe Werner Herzog. Kasuwa ta cika. Sai aka miƙa aikin ga sashen talabijin na kamfanin, a hannun wani furodusa mai suna Richard Kobritz.

Mutum biyu Kobritz ya ɗauko waɗanda suka ba fim ɗin kamanninsa. Na farko shi ne marubuci Paul Monash. Shi wannan yana cikin waɗanda suka kafa shirin Peyton Place, wani dogon wasan talabijin da aka yi ta nunawa daga 1964 zuwa 1969, wanda gaba ɗayansa a kan gulma da ɓoyayyun asiran ƙaramin gari yake. Kuma shi ne furodusan fim ɗin Carrie na 1976. Ke nan ya san King, ya kuma san halin ƙananan garuruwa. Aikinsa shi ne rage jama'a. Alal misali, a littafi likitan gari daban, mahaifin budurwar jarumi daban, shi kuwa sai ya haɗe su suka zama mutum guda, Dakta Bill Norton.

Na biyu shi ne darakta Tobe Hooper, mutumin Texas, wanda ya yi suna da The Texas Chain Saw Massacre a 1974, fim ɗin da ƙasashe da dama suka hana nunawa. Ɗauko irin wannan mutum a ba shi shirin da za a kalla a falo, iyaye da yara na zaune, abin mamaki ne, domin a wancan zamani gidajen talabijin na Amurka suna da masu tace shiri da ba sa barin a nuna jini barkatai. To amma wannan takurawa ita ta zama alheri. Da aka hana Hooper jini, sai ya koma ga duhu, da shiru, da hazo, da jan rai.

An ware wa aikin kimanin dala miliyan 4. An fara ɗauka a watan Yuli na 1979 a wani ɗan gari mai suna Ferndale a arewacin Kalifoniya, wanda tsofaffin gidajensa na katako suka yi kama da na Maine, duk da cewa wannan na gabar yamma, wancan na gabar gabas. Gidan Marsten, wato mugun gidan da ke kan tudu yana kallon gari, ba gidan gaskiya ba ne. Mai tsara wuraren ɗauka, Mort Rabinowitz, shi ya gina fuskar gidan ya lulluɓe wani ƙaramin gida da ke wurin, a kan kuɗi kimanin dala 100,000. Cikin gidan kuwa a sutudiyo aka gina shi a Burbank. Jules Brenner ne ya riƙe kyamara, Harry Sukman ya tsara kiɗa.

'Yan Wasa

Jarumin fim ɗin, marubuci Ben Mears, David Soul ne ya fito a matsayinsa. A lokacin tauraruwarsa na haskawa, domin a shekarar ce aka kammala shirin 'yan sandan nan Starsky and Hutch da ya yi tashe daga 1975 zuwa 1979. Bonnie Bedelia ce budurwarsa Susan Norton, ita ce kuma daga baya ta fito matar Bruce Willis a Die Hard na 1988. Lance Kerwin ya fito a Mark Petrie, yaron da ya fi manyan garin hankali. Lew Ayres, dattijon da ya yi suna tun 1930 a fim ɗin All Quiet on the Western Front, shi ne tsohon malamin makaranta Jason Burke. Geoffrey Lewis shi ne Mike Ryerson mai haƙa kabari, Fred Willard shi ne dillalin gidaje Larry Crockett, Kenneth McMillan kuma ɗan sandan gari, Gillespie.

Amma wanda ya ɗauke fim ɗin a kansa shi ne James Mason, Baturen Ingila da aka haifa a 1909, wanda ya fito a Richard Straker. Mason tsohon hannu ne, mai taushin murya da iya zance. Straker ɗinsa dattijo ne mai baƙar kwat, mai ladabi, mai murmushi. Matar Mason ta gaskiya, Clarissa Kaye, ita ma tana ciki, ita ce uwar yaran nan biyu 'yan gidan Glick.

Sai kuma uban tafiyar, Kurt Barlow, wanda Reggie Nalder ya fito a matsayinsa. Za mu dawo kansa.

Yadda Labarin Yake

Ben Mears ya yi ƙuruciyarsa a Salem's Lot, ya bar garin shekaru da yawa, ya zama marubuci, sannan ya dawo domin ya rubuta littafi a kan gidan Marsten. Mai gidan na asali, Hubie Marsten, mugun mutum ne da ya rataye kansa a ciki, Ben kuma tun yana yaro ya taɓa shiga gidan ya ga abin da bai taɓa mantawa ba. Ya so ya kama hayar gidan, sai ya tarar dillali ya riga ya ba wani baƙo, wato Straker, wanda ke shirin buɗe kantin tsofaffin kayan ƙawa tare da abokin cinikinsa Barlow. Kowa ya tambayi Barlow sai a ce ya yi tafiyar sayayya, yana nan zuwa.

Wata rana da dare aka ɗauki 'yan gari biyu haya suka kawo wani ƙaton akwati mai sanyi kamar ƙanƙara, suka sauke a ɗakin ƙarƙashin gidan. A daren ne yaro Ralphie Glick ya ɓace a daji kan hanyarsa ta komawa gida. Nan fa aka zo wurin da ya hana yaran Amurka da yawa barci: cikin dare, hazo ya taso, ga Ralphie yana shawagi a iska a bayan tagar yayansa Danny, idanu na ƙyalli, yana karce gilashi da farce. Danny ya tashi ya buɗe masa. Yadda aka ɗauki wurin shi ne, an ɗora yaron a kan dogon ƙarfe irin na ɗaga kaya maimakon a rataye shi da waya, sannan aka juya hoton ya riƙa tafiya da baya, shi ya sa motsinsa da na hayaƙin suka fita daga irin wanda ido ya saba.

Danny ya kwanta asibiti, likitoci suka ce ƙarancin jini ne, ya mutu. Mai haƙa kabarinsa ya kamu, ya mutu, ya taso. Uwar yaran ta bi. Kamar annoba, gida bayan gida. Da Danny ya zo tagar abokinsa Mark, shi Mark bai yarda ba, ya ɗauko ɗan ƙaramin gicciye daga cikin kayan wasansa ya kore shi. Ben da malam Burke da Dakta Norton suka gane abin da ke faruwa, amma wa zai yarda da su? Barlow ya shiga gidan su Mark ya kashe iyayensa a gaban limamin coci, limamin kuma imaninsa ya gaza. Ɗan sandan gari ya kwashe iyalinsa ya gudu. Susan ta tafi gidan Marsten ita kaɗai ta faɗa hannu. Straker ya ɗaga Dakta Norton ya soke shi a jikin ƙahonnin da aka kafa a bango, Ben ya harbe Straker, sannan shi da Mark suka jawo akwatin Barlow suka kafa masa fiƙaƙƙen itace a ƙirji. Suka cinna wa gidan wuta, iska ta kwashi wutar ta nufi gari.

Fim ɗin ya ƙare bayan shekara biyu a ƙasar Gwatemala, inda Ben da Mark ke gudun hijira, ragowar masha jinin na bin sawunsu. Susan ce ta iso gare su, Ben ya kashe ta da hannunsa. Su biyun da suka yi ƙoƙarin ceton garin, su ne suka ƙare ba su da gari.

Fuskar Baƙo

Yanzu mu dawo kan Barlow, domin a nan ne aka yi canji mafi girma tsakanin littafi da fim. A littafin King, Barlow mutum ne kamar kowa a ido, mai ilmi, mai daɗin baki, yana zama ya yi hira da mutum har ya shawo kansa. Furodusa Kobritz bai so haka ba. Ya ga cewa an gaji da mashayin jini ɗan gayu, sai ya koma can baya ya ɗauko siffar dodon fim ɗin Nosferatu, wanda F. W. Murnau ya yi a Jamus a 1922: kai ƙwal babu gashi, kunnuwa masu tsini, haƙoran gaba biyu kamar na ɓera, dogayen farata. Aka ƙara masa shuɗiyar fata da idanu rawaya. Sannan aka ƙwace masa magana ɗungurungum. Barlow na talabijin ba ya cewa uffan, sai gurnani, Straker ne bakinsa.

Wanda aka ɗora wa wannan fuska, Reggie Nalder, shi kansa ɗan ci-rani ne. An haife shi a birnin Biyana na Ostiriya a 1907, ya yi wasa a Faris, daga baya ya ƙare a Amurka. Yana da tabon ƙuna a fuska, saboda haka kusan duk rayuwarsa mugu ake ba shi, kamar yadda Alfred Hitchcock ya sa shi makashi a The Man Who Knew Too Much na 1956. Mintocin da ya fito a Salem's Lot kaɗan ne ƙwarai, amma fuskarsa ce ake tunawa, ita ce a jikin fosta da kwalin kaset.

Ta fuskar tsoratarwa, dabarar ta ci. An sa fim ɗin cikin masu takarar lambar Emmy a fanni uku, ciki har da kwalliya da kiɗa. Amma akwai abin da aka rasa. King ya so ya nuna cewa sharri yana zuwa da fuska irin tamu da harshe irin namu. Talabijin kuwa ta sauƙaƙa wa mai kallo: ga mugu nan, baƙo ne daga ƙetare, ba ya kama da mu, ba ya jin yarenmu. Wannan tsohuwar hanya ce da ɗan Adam ke bi ya huta da binciken kansa.

Wa Ya Buɗe Ƙofa?

Duk da haka, ƙashin bayan labarin bai karye ba, kuma wanda ya kalla da natsuwa zai gani. A al'adar waɗannan tatsuniyoyi, mashayin jini ba ya shiga gida sai an gayyace shi. Danny da hannunsa ya buɗe taga. Ɗan gari ne ya ba da gida bai yi tambaya ba, domin ya ga kuɗi. A littafi ma abin ya fi muni: dala ɗaya tak Straker ya biya kuɗin gidan da kantin, ya toshe bakin dillali da takardun wani fili mai tsadar gaske. 'Yan gari ne suka yi dakon akwatin, suka ji sanyinsa, suka karɓi ladansu suka yi shiru. Wanda aka ba amanar tsaro ya tsere. Da ɗan gari a kan ci gari.

Sannan a dubi yadda aka yi da baƙin biyu. Da yaro ya ɓace, ɗan sanda ya bi su duka da tambayoyi, don kawai su ne sababbin zuwa. Straker mai kwat da kuɗi ya amsa da murmushi ya wuce. Ben kuwa, wanda a garin ya tashi, shi ne aka yi wa kallon bare, shi ne tsohon saurayin Susan ya yi wa dukan da ya kai shi asibiti. Shekarun da ya yi a waje sun mai da shi baƙo a gidansu. Da yawanmu da aka haifa a Kudu mun san wannan: a nan a ce mana 'yan Arewa, mu je Arewa a ce mana 'yan Kurmi.

A fim, zargin baƙo wasa ne da ake kashe talabijin ya ƙare. A zahiri rai yake ci. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare mafarauta da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, aka ɗora musu zargin satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Allah ya jiƙansu. Kuma kada mu ɗauka cutar ta wasu ce kawai. A garuruwanmu na asali, idan yara suka fara mutuwa a unguwa, sau nawa ake barin maganar ruwan sha da sauro a nemi wata tsohuwa marar gata a ce mayya ce?

Ɗaya gefen kuma ya shafe mu kai tsaye, domin kowane zango shi ma gari ne. Tun zamanin fataken goro da shanu, tsarinmu shi ne baƙo ya sauka a hannun maigida, maigida ya san daga ina ya fito, me ya kawo shi, ya kuma tsaya masa a gaban Sarkin Hausawa da masu gari. Wannan tsari shi ya sa aka yarda da mu. Ranar da mai masauki ko dillali a cikinmu ya koma irin Larry Crockett, ya karɓi kuɗi ya rufe ido, to laifin mutum ɗaya zai hau kan dubu, kuma mai shayi da mai gyaran takalmi ne za su biya. Sanin wanda ka saukar daban, zargin duk wanda ba ka sani ba daban. Na farko amana ce, na biyu zalunci.

Kammalawa

Bayan an nuna fim ɗin a Amurka, an datse shi zuwa minti 112 aka kai shi gidajen silima a Turai. Larry Cohen, wanda aka ƙi rubutunsa da farko, ya yi nasa ci-gaban mai suna A Return to Salem's Lot a 1987. A 2004 tashar TNT ta sake shirya labarin da Rob Lowe da Donald Sutherland da Rutger Hauer, inda aka mayar wa Barlow da bakinsa. A 2024 kuma aka sake yin wani a ƙarƙashin darakta Gary Dauberman. Amma na 1979 shi ne wanda ya zauna a zukatan masu kallo.

Yawancin waɗanda suka yi shi sun riga mu gidan gaskiya. James Mason ya mutu a 1984, Reggie Nalder a 1991, Tobe Hooper, wanda bayan wannan aiki ya yi Poltergeist a 1982, ya mutu a 2017. Lance Kerwin ya bi a 2023, David Soul kuma a farkon 2024, a Ingila inda ya koma da zama har ya zama ɗan ƙasa.

Wanda ya samu fim ɗin ya kalla, amma ba tare da ƙananan yara ba. Idan an zo wurin tagar nan, a lura da hannun da ya buɗe ta.

Allah ya tsare mu da sharrin baƙo da na ɗan gari, ya sa mu zama baƙin alheri a duk inda muke, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.